Tambaya da Amsa: Komowa Gida Bayan Doguwar Tafiyar Zango

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan mujalla, ina rubuto maka ne daga unguwar Zariya a nan Maraɗi, domin neman shawararka a kan wata magana da ta hana ni sukuni. A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce, ni da yayana da abokanmu biyu mun yi tafiyar buɗe ido ta kwana tara a motar yayan nawa, kat-kat ce mai ƙarfi, wato irin motar da ke ja da tayoyinta huɗu. Mun bi ta Tasawa da Damagaram da Tanut muka isa Agadas, daga nan muka shiga duwatsun Abzin tare da ɗan jagora, kuma a mafi yawan dararen nan a tanti muka kwana, muna dafa abincinmu da kanmu. Da za mu komo sai muka zaɓi hanyar Tawa, don mu ga ɓangaren ƙasar da ba mu bi ba a tafiya.

Mun tashi daga Agadas bayan sallar asuba, yayana kuwa ya ce lallai a gida za mu kwana, saboda yana da kayan da za a sauke masa a shago washegari. Taya ta fashe mana kafin Abalak, muka ɓata lokaci wajen mai faci, har sha biyun dare ta same mu tsakanin Madawa da Gidan Rumji. Ni ne a gaba kusa da shi, kuma shi kaɗai yake tuƙi tun safe. Kawai sai na ji tayoyin dama sun sauka daga kwalta suna cin tsakuwa, na daka masa tsawa, ya zabura ya fizgo sitiyari. Allah Ya kiyaye, ba mu faɗi ba. Ya ce ba barci ya yi ba, rami ya kauce wa, amma ni da idona na ga kansa ya sunkuya. Bana ma muna shirin komawa, har da ƙannenmu biyu matasa, kuma yayana yana nan a kan bakansa cewa kwana a hanya ɓarnar lokaci ne da kuɗi, har yana kawo hadisin da ya ce matafiyi idan ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Ni ƙane ne, ba na son in yi masa musu a gaban mutane. Yaya ya kamata mu tsara komowar, kuma ta wace hanya zan shawo kansa?

Naka, mai karatu daga unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da farko muna yi wa Allah godiya da Ya maido ku gida lafiya, domin abin da ka bayyana ya isa ya zama silar zaman makoki a gidaje da dama. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar yayanka cewa bai yi barci ba. Ina roƙonka kada ka ɗauke shi maƙaryaci. Irin barcin nan da ke sace direba na daƙiƙa uku ko huɗu, sau da yawa mai shi ba ya sanin ya yi shi, wani lokaci ma idonsa rabi a buɗe yake, kuma idan ya farfaɗo sai zuciyarsa ta kawo masa wani dalili na abin da ya faru, ko rami ko dabba, ya kuma gaskata shi tsakani da Allah. Ba banza ba aka ce barci ɓarawo ne. Lissafin kuwa ba shi da wuya: motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, ke nan a cikin daƙiƙa huɗu ta shafe mita 100, kusan tsawon filin ƙwallo, babu wanda ke riƙe da ita. A wannan daren tsakuwar gefen hanya da tsawarka ne Allah Ya sanya suka zama sanadin tsirarku.

Kuskuren da mafi yawanmu muke yi, har da waɗanda suka daɗe da sitiyari a hannu, shi ne muna zuba dukan shirinmu a kan fita, mu bar komowa ta zo yadda ta ga dama, alhali kuwa ita ce ta fi kowane sashe na tafiyar nauyi. Ranar da kuka bar Maraɗi daga kan gadajenku kuka tashi, kun ƙoshi da barci, motar ba ta daɗe da fitowa daga hannun makanike ba, kuma duk garin da kuka shiga ido yana samun abin kallo da ke wartsakar da shi. Ranar komowa kuwa kun riga kun yi dare takwas a waje, mafi yawansu a ƙasa, a kan tabarma ko siririyar katifa, cikin sanyin Abzin mai ratsa ƙashi, kuna hira da shayi har dare ya raba, kuna tashi tun duhu don kwance tanti da ɗaure kaya. Wanda yake rasa awa ɗaya ko biyu na barcinsa kowane dare har mako guda, jikinsa yana riƙe da lissafin, kuma a inda ya samu zama da shiru da ƙugin inji mai sauti ɗaya, a nan yake neman ramuwa. Ga kuma ɗokin gida, wanda ke sa mutum ya raina abin da ya rage masa na tafiya. Da zarar direba ya wuce Madawa sai ya ji ai ya iso, hanya ce da ya san kowace kwanarta, sai hankalinsa ya riga motar shiga gida, ya tafi wurin yara da shago da ruwan wanka, ya bar hannu kaɗai a kan sitiyari. Aski idan ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma a wurin matafiyi ɗan Maraɗi mai fitowa daga yamma, gaban goshin nan shi ne tsakanin Madawa da Tibiri.

Ba daga nesa nake wannan magana ba. Shekarun baya na taɓa tasowa daga Yamai ni kaɗai, tafiyar kimanin kilomita 660, magariba ta riske ni a Madawa, wani abokin arziki ya yi ta roƙona in kwana a gidansa, na ce masa ai gida ya zo kusa. Bayan na wuce Gidan Rumji wata babbar mota ta taho ta haske mini ido, tana giftawa sai ga amalanken shanu a gabana, an lafta mata karan gero ya fi faɗinta, babu fitila babu ƙyalle mai ƙyalli, kalar karan da kalar ƙura duk ɗaya. Abin da na fara hangowa shi ne farar hular yaron da ke zaune a saman kayan. Na taka birki har motar ta juya gefe, na tsaya bai fi taku biyar tsakanina da su ba. Yaron bai ma waiwayo ba, ƴar rediyonsa tana ta magana, shanun suna tafiyarsu a hankali. Na fi rabin awa zaune a bakin hanya ƙafafuna suna rawa, ina tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyarsa da a ce birkin ya yi jinkirin daƙiƙa ɗaya. Tun daga ranar ban sake barin duhu ya same ni a wannan hanya ina tuƙi ba, sai da larurar da ba makawa.

Yanzu mu dubi ranarku da idon lissafi. Daga Agadas zuwa Tawa kimanin kilomita 400 ne, daga Tawa zuwa Maraɗi ta Tsarnawa kuma kimanin 350, jimilla wajen 750. Hanyar Tawa zuwa Agadas, wadda aka shimfiɗa tun zamanin da harkar yuraniyom ta Arlit take tashe, ta sha nauyin manyan motoci shekara da shekaru, kuma a wurare da dama ramukanta ba sa barin mota ta yi gudun kirki. Idan aka haɗa da tsayawa a shingayen jami'an tsaro da wuraren biyan kuɗin hanya da salla da cin abinci da shan mai, wanda ya samu matsakaicin kilomita 50 zuwa 55 a awa ya yi ƙoƙari, wato awa 14 ko 15 ke nan ko da taya ba ta fashe ba. A watan Disamba kuwa hasken rana bai wuce awa 11 da ƴan mintoci ba. Ke nan tun kafin ku tayar da mota a Agadas, tsarin da kuka yi ya riga ya hukunta cewa za ku yi sa'o'i a cikin duhu, kuma duhun zai faɗo ne daidai lokacin da direba ya fi gajiya. Binciken masana harkar barci ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa da na hannunsa yakan ragu kwatankwacin na wanda giya ta fara taɓawa, har ya kai matakin da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi a kansa. Yayanka, wanda ya tashi tun kafin asuba, ya haura awa 19 a farke lokacin da abin ya faru. Mutum ne da na tabbata ba zai taɓa yarda ya hau motar mashayi ba, amma gajiya ta kai shi irin wannan hali ba tare da ya sani ba.

Shawarata ita ce ku raba komowar gida biyu, kuma ku rubuta hakan a cikin tsarin tafiyar tun kuna Maraɗi, kada ku bari sai a hanya ku yi ta gardama. Rana ta farko ku tashi daga Agadas da safe, ku huta a Abalak, ku sake miƙe ƙafa a bakin tafkin Tabalak, ku shiga Tawa da sauran rana, ku kwana a can. Wannan daren na ƙarshe kada ku kafa tanti. Ku nemi ɗaki, ko a masauki ko a gidan ɗan'uwa, inda direba zai yi wanka da ruwan ɗumi ya kwanta a kan katifa tun bayan isha'i, a ɗauke masa hira da waya. Rana ta biyu ku bi ta Badagishiri zuwa Tsarnawa, ku hau babbar hanya ta Malbaza da Galmi da Madawa, kuma da yardar Allah la'asar a gida za ta same ku, har da lokacin tsayawa sayen albasar tsaraba a Galmi. Idan kuma ta gabas za ku komo, Agadas zuwa Damagaram ta Adarbisanat da Tanut kimanin kilomita 450 ne, sai ku kwana a Damagaram, washegari ku ƙarasa kimanin 240 da suka rage. Amma a wannan hanyar ku tashi da safe, domin daga Damagaram zuwa Maraɗi yamma ake fuskanta, kuma wanda ya bari sai bayan la'asar, rana za ta tsaya masa a tsakiyar gilashi tun daga Tasawa har Cadawa, ga hazon hunturu, ga masu babura da amalanke suna komowa daga kasuwannin ƙauye.

Akwai maganar tsaro, wadda ba zan tsallake ta ba. Halin hanyoyin arewa yana sauyawa, abin da ya yiwu bara ba lallai ya yiwu bana ba, saboda haka kafin ku bar Maraɗi, da kuma kafin ku bar Agadas, ku tambayi jandarmomi da direbobin tasha waɗanda ke bin hanyar kullum, ku ji ko ana tafiya sake ko sai da rakiya, da kuma lokacin da ake rufe shinge. Duk abin da hukuma ta ce shi za ku bi, ko da zai rage muku wuraren da kuka so gani. Kada ku yada zango a dajin da ba ku san mutanensa ba don kawai dare ya yi muku. Idan larura ta tsayar da ku, ku ƙarasa gari mafi kusa ku gabatar da kanku ga mai gari ko jami'an tsaro. Wannan ma wani dalili ne na isa masauki da rana tsaka, domin wanda ya tsara inda zai kwana ba ya faɗawa kwanan dole a inda bai zaɓa ba.

Motar ma ta gaji kamar yadda kuka gaji, kuma ta cancanci ku ba ta yini guda a Agadas kafin ku kamo hanya. Abu na farko shi ne iskar taya. Masu shiga rairayi sukan rage wa tayoyi iska don kada mota ta kafe, wannan daidai ne a cikin yashi, amma tayar da ba ta da isasshiyar iska idan ta hau kwalta da gudu da kaya mai nauyi, gefenta yakan yi ta lanƙwasawa yana ɗaukar zafi har ta fashe, kuma ba zan yi mamaki ba idan wannan ne ya same ku kafin Abalak. A mayar da iskar daidai ma'aunin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, a auna da safe tun tayoyin suna da sanyi, har da ta ajiya. A duba gefen kowace taya ko duwatsu sun yanke ta, a sake ɗaure notoci domin girgizar hanyar burji takan kwance su, a kakkaɓe matatar iskar inji ko a sauya ta idan ƙura ta toshe ta, a duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki, a wanke fitilu da gilashi ciki da waje. Idan inji ya yi zafi a hanya kada kowa ya buɗe murfin lagireto sai ya huce, mutane da yawa sun ƙone fuska da hannu a kan wannan gaggawar. Wajen loda kaya kuma, mai nauyi ya zauna a ƙasa cikin mota, mara nauyi irin tanti da barguna ya hau sama, saboda motar da aka tula wa nauyi a ka ita ce ke kifewa idan aka fizge sitiyari irin yadda yayanka ya yi. Jarkar mai kada ta kwana a inda mutane ke zaune, tururinta yana sa ciwon kai da kasala ban da haɗarin wuta, tukunyar gas kuma a rufe ta da kyau a ɗaure ta a tsaye, nesa da zafin rana.

Ka ce shi kaɗai ya yi tuƙi tun safe, wannan kuwa dole ya sauya. A cikin mutum shida ya kamata a samu aƙalla biyu masu lasisi waɗanda suka saba da doguwar hanya, su riƙa karɓar juna duk bayan awa biyu, ko da wanda ke kan sitiyari ya ce bai gaji ba, domin gajiyayye shi ne na ƙarshen sanin ya gaji. Wanda ya zauna a gaba aiki ne a kansa, ba ya barci, yana jan direba da hira yana kuma lura da shi. Idan ya ga hamma ta yawaita, ko direba yana murza ido da wuya, ko gudun motar yana hawa yana sauka babu dalili, ko an tambaye shi sunan garin da aka wuce yanzu ya kasa tunawa, to lokacin tsayawa ya yi, ba sai an kai gari na gaba ba. Sauke gilashi da ƙara sautin rediyo da watsa ruwa a fuska duk na ƴan mintoci ne. Abin da ke aiki shi ne a samu inuwa nesa da kwalta, direba ya sha shayi ko kofi, ya kwanta minti 15 zuwa 20, kafin ya tashi abin da ya sha ya fara aiki. Ku kuma kula da bayan azahar, lokacin da jiki ke yin sanyi ko da an yi barcin dare, musamman idan an cika ciki da tuwo ko fura da nono. Direba ya ci kaɗan, ya sha ruwa da yawa, ya bar cin ƙoshi sai an sauka. Wasu magungunan mura suna sa barci, a tambayi mai kantin magani kafin a sha. Tun da kuma akwai matasa a tafiyar, zan faɗa a fili: kada wanda ya kawo tiramol ko wata ƙwaya da sunan maganin gajiya. Ƙwayar tana ɓoye wa mutum gajiyarsa ne ta bar shi da ita, ta ƙara masa ƙarfin halin da ba na gaskiya ba, kuma idan ta yi yawa takan jawo farfaɗiya, wadda idan ta zo a kan sitiyari babu tsawar da za ta tashe shi. Kowa ya ɗaura bel, na gaba da na baya.

Sai maganar hadisi. Abin da yayanka ya kawo ingantacce ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya siffanta tafiya da yanki na azaba saboda tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa, ya kuma yi umarni da a koma ga iyali idan an biya buƙata. Abin da na fahimta daga malamaina shi ne kada mutum ya yi ta zama a wani gari babu dalili alhali iyalinsa suna jiransa. Kuma ya inganta cewa Annabi ba ya faɗo wa iyalinsa cikin dare idan ya dawo daga tafiya, yakan shigo ne da safe ko da yamma, har ya hana wanda ya daɗe ba ya nan ya yi wa iyalinsa dirar dare. Ke nan wanda ya kwana a Tawa ya shigo Maraɗi da la'asar ya fi kusa da wannan koyarwa a kan wanda ya buga ƙofa ƙarfe biyun dare. Ku tuntuɓi limaminku a kan wannan da kuma hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, zai warware muku fiye da yadda zan iya.

Yadda za ka tunkari yayanka kuwa, na ji daɗin ladabin da ka nuna, kuma shi ne zai taimake ka. Kada ka je masa da labarin daren nan kamar mai tuhuma, babu namijin da ke son ƙanensa ya tuna masa ranar da ya kusa hallaka mutane. Kada kuma ka dogara da alƙaluma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, amma kowane direba yana ganin wannan lissafin na wasu ne. Ka same shi shi kaɗai, tun tafiya da saura, ka ce masa, "Yaya, bana da yara za mu tafi, Inna ta damƙa maka amanarsu, ina ganin mu sa kwanan Tawa a cikin lissafi, ni zan ɗauki nauyin masaukin, kuma ka bar ni in riƙa karɓarka tuƙi don ka huta." Ta haka ka bar masa girmansa, ka kuma cire masa hujjar kuɗi. Hujjar shago kuma a kashe ta tun a gida: a ƙara kwana ɗaya a kan ranar da za a gaya wa iyali da abokan ciniki, kada a ɗaura wani alkawari a washegarin dawowa, a wakilta yaron shago ya karɓi kaya. Idan duk da haka ya ƙi, ka kai maganar gaban mahaifiyarku ko wani babba da yake jin nauyinsa. Idan kuma har aka kai ga cewa sai dai a yi ta a yini guda da direba ɗaya, to ina ba ka shawara, da zuciya ɗaya, kada ka shiga motar kuma kada ka bari ƙannenka su shiga. Ko da a Tawa kuka rabu da shi, motocin haya suna zuwa Maraɗi daga can kowace rana.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Maigidana yakan ɗauki yaranmu uku su yi irin wannan tafiya ta kwana a tanti lokacin hutu, wani lokaci har bakin kogi wajen Gaya. Damuwata ita ce bayan sun dawo. Bara ƙaramin ya kwanta da zazzaɓi kwana goma bayan komowarsu, mahaifinsa ya ce gajiyar hanya ce, sai da jikin ya yi tsanani muka kai shi likita. Kayan zangon kuma a cikin ɗaki ake zubar mini da su, har na taɓa ganin kunama ta fito daga cikin bargo. Me ya kamata in yi idan sun dawo?

Daga wata uwa a unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

AMSA

Barka kadai, Hajiya, Allah Ya ƙara wa yaron lafiya. Gajiyar hanya takan wuce da barcin dare ɗaya ko biyu, kuma ba ta zuwa da zafin jiki bayan kwana goma. Zazzaɓin cizon sauro kuwa daidai wannan lokacin yake bayyana, domin daga cizo zuwa fara ciwo yakan ɗauki mako guda zuwa biyu, wani lokaci fiye, kuma wanda ya kwana a bakin kogi ko tafki yana iya kamuwa ko da a Maraɗi sauro ya yi sauƙi saboda sanyi. Saboda haka duk yaron da jikinsa ya yi zafi a cikin wata guda bayan dawowa, a kai shi gwajin jini a ranar, kada a jira gobe, kuma ki gaya wa ma'aikacin lafiya inda suka je da inda suka kwana. Idan aka ga amai ba tsayawa, ko yawan barci, ko fizge-fizge, ko yaro ya kasa shan ruwa, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare. Ki tambaye su kuma ko sun yi wanka ko wasa a ruwan kogi ko na tafki, saboda tsargiya daga irin wannan ruwa ake ɗaukarta, ita kuma takan yi makonni ko watanni kafin a ga jini a fitsari, lokacin da kowa ya manta da tafiyar. Tana da magani a asibiti, amma sai an faɗa an gwada. A tafiya ta gaba ki sa musu gidan sauro mai magani a cikin kaya da hannunki, ki kuma roƙi mahaifinsu kada ya shigar da garwashi cikin rufaffen tanti don jin ɗumi, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum a cikin barci.

Game da hanyar komowa, yara su zauna a baya da bel, kada a ɗora ƙarami a cinya a kujerar gaba, a riƙa tsayawa suna sauka suna shan ruwa, kuma kada a bar ɗayansu a rufaffiyar mota ko da na ɗan shiga shago ne.

Kayan zango kuma tsakar gida ne wurinsu, kuma da rana za a kwance su. A shimfiɗa tanti da barguna da tabarmi a rana, babba ya kakkaɓe su da sanda yara suna nesa, a kife takalma a bubbuga su kafin wani ya sa hannu ko ƙafa, domin kunama tana son lungun da ke da duhu da ɗumi, kuma harbinta ga ƙaramin yaro abu ne na zuwa asibiti nan take. Idan da dare suka iso, a bar kayan a ɗaure a zaure har gari ya waye. Tantin da aka naɗe da raɓar asuba a jikinsa sai ya bushe sarai kafin a ajiye shi, in ba haka ba zai yi fumfuna ya ruɓe kafin hutu na gaba. Jarkokin ruwa a zubar da abin da ya rage a ciki, a wanke su da sabulu, a bar su a buɗe a kife har su bushe.